Ranar da Jiniya ta Faɗi Gaskiya

Wata bakwai na yi ina roƙon mahaifiyata kafin ta yarda ta baro ƙauyenmu na can gaba da Maradun ta dawo wurina a Talata Mafara. Na aika mata 'yan'uwa, na aika malamin da take jin maganarsa, na je da kaina sau uku ta hanyar da direbobi ba sa bi sai da addu'a a baki. Ko gezau. Sai da ɓarayin daji suka shiga garin da rana tsaka, suka kora shanu, suka cinna wa rumbuna wuta, sannan ta yarda. Ko a ranar ma, ina ɗora kayanta a mota ta tsayar da ni ta kafa mini sharaɗi.

"Kai wanga," in ji ta. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, haka take kirana tun ina yaro. "Na biyo ka don in samu kwanciyar rai. Ranar da na rasa ta gidanka, gida ni ka komawa, ko da ruwan harsashi aka yi."

Na san Inna. In ta ce za ta yi abu, to ka ɗauka ta gama yin sa. Tun daga ranar ban da wani buri da ya wuce ta zauna. In ga ta wayi gari a ɗakin da na gyara mata, ta ci tuwonta, ta yi faɗa da jikokinta, nesa da dajin nan.

Ba ita kaɗai ta baro ƙauyen ba. Cikin waɗanda suka kwararo gari har da uwar ɗakinta, wata tsohuwa da muke kira Gwaggo. Mijin Gwaggo shi ne ya fi kowa shanu a ƙauyenmu, kuma a gidanta rabin yaran gari suka sha fura, ni ma a ciki. Da babana ya rasu, ita ta riƙe Inna har ta fita takaba, ita ta ciyar da mu shekarar nan. Yanzu mijin ya rasu, shanun sun tafi, ta sauka da jikokinta a wani kango a bakin gari. Na je gaishe ta sau ɗaya, na tambaye ta ko akwai abin da suke bukata. Ta gyara zama ta dube ni kamar na zage ta, ta ce, "Alhamdu lillahi, muna cikin ruhin asiri." Na ɗauki maganar yadda ta faɗe ta, na tashi na tafi harkokina.

Ni malamin makaranta ne, amma gidanmu gidan fawa ne, kuma jini ba ya ƙarya. Duk shekara nakan sayo raguna daga kasuwar Damri in turke su a filin da ke can ƙarshen gidana, in yi ta ba su dusa da harawa har babbar salla. Filin yana da ƙofar baya ta langa-langa da ke fita wani lungu. A shekarar da nake ba da labari an haura katangar wani a unguwarmu da azahar, aka ɗauke masa rago, mutanen gida suna ciki ba wanda ya ji. Hankalina ya tashi. Na ce rigakafi ya fi magani, na nufi shagon wani mai haɗa sola a kusa da tasha.

Shi ya nuna mini na'urar. Wata 'yar farar aba ce da ba ta wuce tafin hannu ba, da ido guda a gabanta. Ya ce tana jin ɗumin jikin duk abin da ya gitta ta gabanta, nan take sai ta tayar da jiniya. Ya rantse mini ko ɓarawo ya iya tafiyar hawainiya sai ta kama shi. Ya zo da tsaninsa ya kafa ta a jikin katanga, ya ɗaura jiniyar a ƙarƙashin kwanon rufi, ya miƙo mini rimot, ya hau babur ɗinsa. Ko kwanar layinmu bai sha ba ta fashe da kuka.

Jama'a, mutumin nan ashe idon na'urar ya saita a kan ragunan kansu! Na'urar da ke ihu in abu mai ɗumi ya motsa, ka juya ta tana kallon raguna tara masu rai. Ni ma da na tsaya ina riƙe masa tsani ina gyaɗa kai, ban fi shi hankali ba.

Abin da ya hana ni dariya shi ne Inna. Na shigo da gudu na same ta a tsakar gida ba takalmi, ta saɓa 'yar autata a kafaɗa, tana neman hanyar fita, bakinta sai salati. Ta ɗauka ɓarayin daji ne suka shigo. Na riƙe ta, na yi ta ce mata na'ura ce, Inna, na'ura ce kawai. Da ƙyar ta dawo hayyacinta. Ta shiga ɗaki ta ɗaure zannuwanta da tasbaharta a ƙunshi guda, ta ajiye a bakin ƙofa. Ƙunshin nan ya zauna a wurin, kullum na shigo gaishe ta da safe shi nake fara gani.

Da mai hankali ne ni, a ranar zan cire abin in huta. Amma ina da taurin kai, kuma na riga na gaya wa mutanen majalisarmu cewa na kawo abin da zai kori ɓarayi daga unguwa. Na ce gyara za a yi.

Mai sola ya dawo ya juya idon ya kalli ɗan lungun da ke tsakanin rumfar harawa da ƙofar baya. Muka samu lafiya ta wuni ɗaya. Washegari da la'asar ta sake ɓarkewa. Na duba ba mutum, ba dabba. Ta yi shiru, na koma ciki, ta sake. Sai a rana ta uku na lura da fatun da maƙwabcina mahauci yake shanyawa a kan katangar da ta raba mu. Rana ta gasa su sun yi zafi, iska ta kaɗa su, ita kuma sakaryar ta ɗauka mutum ne yake haurowa. Na je na same shi da lalama. Ya ce tun kafin a haife ni ake shanya fata a katangar nan, in na'urata ba ta iya zama da mutane ba in mayar da ita inda aka ƙero ta. Na ce masa abin da ya zo bakina, shi ma ya ce nasa. Mun yi sati ba ma gaisawa, mutumin da tare muke cin tuwo a zaure. Daga baya don girman Inna ya matsar da fatun.

Tsugune ba ta ƙare ba. Bayan fatu sai reshen dogon yaro da ke leƙowa daga lungu, na sare shi. Bayan reshe sai mussar maƙwabta, wato kyanwarsu. Bayan mussa sai zabin maiɗakina, waɗanda ba su da aiki sai tashi su sauka a kan rumfa. Wata rana da hantsi na baro aji a guje saboda maiɗakina ta kira ni ta ce jiniya ta ƙi yin shiru, na zo na tarar da tsaka kwance a kan idon tana shan ɗumi. Tsaka! Na bar yara arba'in da alli a hannu saboda tsaka.

Unguwa kuwa ta samu abin yi. Suka raɗa mata suna ladanin gidan malam. In na zo wucewa sai wani ya ce, "Malam, yau ladaninka ya kira azahar tun da hantsi, a duba mashi agogo." Farkon zuwanta in ta yi kuka maza kan fito da sanduna. Kafin wata ya zagayo ko kai ba mai ɗagawa. Mai shayin bakin layi ya ce shi da ita yake gane iska ta taso. Na ji haushin maganar nan har cikin raina, don gaskiya ya faɗa.

Mai sola ya fara ƙin ɗaukar wayata. Ranar da na tare shi a shago ya zaro takardar da ta zo cikin kwalin, ya ce ai ga shi nan an rubuta ba ta kula ƙananan dabbobi. Na ce, "Wanda ya rubuta takardar ya taɓa ganin zabo?" Ya ce shi dai iyakar saninsa ke nan. Na ce Allah ya isa tsakanina da iyakar saninka, na karɓe takardar na fita.

Duk wannan Inna tana ɗaki tana ramewa. Ta san na'ura ce, na faɗa mata sau ɗari, amma jikinta bai sani ba. Duk kukan da za ta yi sai Inna ta zabura, in cokali ne a hannunta sai ya faɗi. Wata safiya na durƙusa na gaishe ta, muka gama an tashi lafiya da ya gajiya da ya sanyi, sai ta nuna ƙunshin da haɓa.

"Kai wanga, can daji in an ji kuwwa an san mi ya hwaru. Nan gidanka kuwwa ba dalili. Wanga mai kwarmato naka, ko shi ko ni."

Na ce ta ba ni sati biyu. Na ce in ban sa ta yi shiru ba, da hannuna zan farfasa ta.

Daga nan na zama ɗalibin abin da na saya. Na samu littafi na ajiye a kan taga, na ce wa maiɗakina duk lokacin da ta yi kuka a rubuta mini ranar da sa'ar da abin da aka gani. Na zauna da takardar nan ina bin ta layi layi. Na kwance bayan na'urar da sukudireba, na samu wani ɗan maɓalli da ke rage mata kaifin ji, na mayar da shi tsakiya. Na samu wani kuma da ke sa ta jira sai ta ji motsi sau biyu a jere kafin ta buɗe baki. Na sauko da ita daga inda mai sola ya maƙala ta, na daidaita tsayinta yadda takarda ta ce. Na liƙe ƙasan idon da baƙin salatif don kada ta ga abin da ke yawo a ƙasa, mussa ko zabo. Na yanka tsohuwar jarka na yi mata 'yar rumfa saboda ranar yamma da ke dukanta a fuska. Na gano ƙofar langa-langar ma in ta sha rana iska ta girgiza ta tana tayar da ita, na sa aka ƙara mata katako ta daina rawa. Na gano in batir ya yi sanyi takan yi kuka don kanta, na canza shi. Kullum da safe in hau tsani da tsintsiya in share saƙar gizo. Sannan in sauko in yi ta gittawa ta gabanta, a tsaye, a sunkuye, da rarrafe, 'ya'yana suna leƙe suna ƙunshe dariya.

Kuma wallahi ta gyaru. Asabar shiru, Lahadi shiru, har Alhamis ko tari ba ta yi ba. Mussa ta wuce, shiru. Ni na gitta, ta kwarma ihu. Ranar Laraba na shiga gaishe da Inna na ga ba ƙunshi a bakin ƙofa, ta kwance shi ta jera zannuwan a akwati. Na fito ina jin kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Da yamma na je majalisa na buga ƙirji. Na ce, "Ladani ya koyi lokaci. Daga yau duk wanda ya ji ta, ya fito da sandarsa, mutum ne." Har na kawo su suka gwada da kansu, maƙwabcina mahauci ya gitta ta kama shi, ya jefa hularsa ta yi banza da ita. Suka yarda.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci maiɗakina ta ce jiniya ta yi kuka sau ɗaya muna can.

Raina ya ɓaci. Na je na duba, ba tsaka, ba gizo, ba iska. Na ɗauko littafin na bi baya. Sai na ga abin da hayaniyar kwanakin baya ta ɓoye mini: kowace Juma'a, a daidai lokacin da maza suke masallaci, akwai kuka guda. A da yana cikin goma, ba mai lura. Yanzu ya rage shi kaɗai. Na duba ƙasa a bakin ƙofar baya na ga kamar sawun silifa a cikin rairayi. Shi ke nan, na gama yanke hukunci. Wani ne yake zuwa yana auna mini raguna, ya san lokacin da unguwa ba maza, yana jiran salla ta matso su ƙara ƙiba. Ban tsaya na tambayi kaina yadda yake shigowa ta ƙofar da sakatarta ke ciki ba.

Daren Alhamis ɗin da ta biyo, bayan isha'i, Inna ta aika aka kira ni. Na same ta tana jan carbi.

"Gobe Juma'a. In za ka masallaci ka kashe abin ga. Kowace Juma'a ka kashe shi, in ka dawo ka kunna."

Na ce, "Inna, ai lokacin ne ma aka fi bukatarta."

"Ban tambaye ka ba. Ka kashe."

Na ce to.

Da na koma ɗaki maiɗakina ta ce, "Malam, don Allah ka yi abin da Inna ta ce." Na ce mata tsoron ƙara ne kawai irin na tsofaffi, kuka ɗaya ne ya rage, in na kama mai shi an gama har abada, Inna ta samu shirun da take so. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, na ce ta bar ni na san abin da nake yi. Ta juya ta kwanta. Na sha tuna maganar nan da na hana ta faɗa.

Da safe maimakon in kashe, ƙari na yi. Na ɗauko wata jiniya ta biyu da na aro, na ɗaura ta a saman kwano tana kallon masallaci. Na saita ta yadda in ta fara ba za ta tsaya ba sai na danna rimot. Na bi mutanen majalisa ɗaya bayan ɗaya na ce yau mu yi sahu a ƙarshe, wajen bakin layinmu. Da zan fita na leƙa ɗakin Inna, ta ɗago ta ce, "Ka kashe?" Na dubi idon uwata na ce, "Na kashe, Inna."

Muna zaman tahiya ta ƙarshe jiniya ta fashe. Ƙarar ta cika unguwa har ta danne muryar liman. Allah ya yafe mini, ban san abin da na karanta ba. Ana sallama na miƙe, mutum kusan ashirin suka biyo ni, wasu da sanduna, maƙwabcina da wuƙar fawarsa. Muka shiga lungu a guje, wani a bayana yana ta kururuwar ɓarawo. Ƙofar baya a buɗe take. Ni na fara shiga.

Gwaggo ce. Tana durƙushe a cikin rairayi a gaban rumfar harawa. Sabuwar ƙarar ta firgita ta ta faɗi, ƙullin da ke hannunta ya kwance, gero ya watse a ƙasa. Tana tattara shi da tafin hannu, gero da ƙasa da kashin raguna, tana zubawa a gefen zanenta. Silifa ɗaya ya fice. Jiniya tana ta kuka a kanta, ni kuma hannuna ya kasa samun rimot a aljihu.

Mutane suka cika ƙofa. Na baya ba su ga ko wace ce ba, wani ya ce, "Mace ce ma! Ɓarauniya!" Sai wani ɗan ƙauyenmu da ke cikinsu ya gane ta, ya yi salati da ƙarfi ya faɗi sunan mijinta. Da na samu na kashe jiniyar, shirun da ya biyo ya fi ƙarar muni. Gwaggo ta dafa ƙasa ta miƙe a hankali, ta bar geron ya zube. Ta dube ni, yaron da ya sha furarta, ta ce, "Sannunku da salla. An sauko lahiya?"

Sai ga Inna. Matar da tun zuwanta ba ta taɓa fitowa gaban maza ba, ta ratso gaban maza ashirin, ta cire mayafinta ta lulluɓe Gwaggo da shi tun daga ka. Ba ta kalli kowa ba. Ta ce, "Ni na kira ta. Ku watse." Suka watse suna kallon ƙasa. Amma ido ya riga ya gani, kuma na san kafin magariba labarin zai kai tasha.

Maiɗakina ce ta warware mini, tana kuka. Tun satin da Inna ta zo take rage wani abu daga hatsin da ake auna mata. Ranar Juma'a in maza sun fita sai ta ƙulle shi, ta bi ta gefen da idon na'urar ba ya gani, ta tura ƙarƙashin harawa, ta zare sakatar ƙofar baya, ta koma ɗaki ta rufe. Gwaggo ta biyo ta lungu ta ɗauka ta tafi. A wurin ba sa haɗuwa, ba sa ganin juna, ba wadda ta taɓa ambata wa 'yar'uwarta. In sun gamu a gidan suna sai su gaisa yadda suka saba, Inna a durƙushe, Gwaggo a kan tabarma tana sa mata albarka. Duk watannin da na'urata take haukanta, Gwaggo ta shiga ta fita a cikin kukan, don ba mai kula shi. Ni na zauna da sukudireba da salatif na gyara ta har ta zama abin yarda, sannan na tara mata jama'a.

Zuciya ta ɗebe ni, na hau maiɗakina da faɗa. Na ce don me ba a gaya mini ba? Ni da zan iya aika mata buhu guda! Ta share ido ta ce, "Buhunka ta ƙofar gaba zai shiga, a kan baro, unguwa tana kallo. Kuma Inna ta ce in ka sani, za ka riƙa gaishe ta da idon wanda ya sani." Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji haushin kaina har na kasa cin abinci.

Da la'asar na tafi kangon. Gwaggo ta sa aka shimfiɗa mini buhu, ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ta tambayi yara ɗaya ɗaya, ta tambayi makaranta. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ƙaddara ce. Sai ta ce dama tana son ta aiko a gaya mini, gobe za su koma gida ita da jikokin. Na ce Gwaggo, daji bai lafa ba, ko shekaranjiya an tare hanya. Ta ce, "Na sani. Amma can ko bango ya san ko ni wace ce."

Da na dawo gida ƙunshin yana bakin ƙofar Inna, a ɗaure.

Na roƙe ta. Na tuna mata rumbunan da aka ƙone, na tuna mata hawan jininta, na kawo mata jikokinta suka tsaya a gabanta. Na ce zan je in bi gida gida in faɗa wa mutane laifina ne. Ta ce in na yi haka na ƙara tona abin da ya rage. Ta ce, "Matar da ta ruhe ni da zanenta ranar da ubanka ya kwanta dama, gidan ɗana anka kira ta ɓarauniya. Ba ta tahiya ita ɗai."

Na fita kamar mahaukaci, na hau tsani, na fizge na'urar daga katanga har da siminti, na tsinke wayoyin, na kawo na zube a gabanta. Na ce, "Ga ta nan, Inna. Ta tafi. Wallahi ba za ki sake jin ta ba. Kin ce ko ita ko ke, na zaɓa."

Ta dubi tarkacen, ta ɗago ta dube ni. A rayuwata ban taɓa ganin ta kalle ni kai tsaye haka ba.

"Kai wanga," in ji ta, "ba ita ta yi mani ƙarya ba."

Da safe ni na kai su tasha. Na sa su a gidan gaba, su biyu, jikokin a baya. Inna ta sa wa yarana albarka, ta sa wa maiɗakina, ni ma ta sa mini, don uwa ce. Mota ta tashi ta nufi Maradun.

Raguna tara na turke shekarar nan, tara na kai kasuwa, ko igiya ba a sace mini ba. Na'urar tana cikin kwali a ɗakin da na gyara wa Inna, har yanzu da baƙin salatif a idonta. Ƙauyenmu ba a samun waya sai an hau wani tudu a bayan gari, don haka muka yi da wani ƙanen babana zai riƙa hawa duk Juma'a bayan salla ya gaya mini yadda suka kwana. Ana sallama nake fitowa daga sahu in tsaya a bakin lungu da waya a hannu. Wata Juma'ar yakan kira da wuri. Wata kuma har a kira la'asar ina tsaye.